Darasi: Littattafan Soyayya da Warkar da Raunin Zuciya



A darasinmu na wannan wata za mu yi nazari a kan littattafan soyayya, waɗanda suka daɗe da shiga gidajenmu, ko da yake ba mu cika yin zancensu a coci ba. 'Ya'yanmu mata suna karanta su, iyayensu mata ma haka, dā a takarda, yanzu kuma a wayar hannu. Da yawa daga cikinsu suna ba da labarin macen da aka zalunta, aka ci zarafinta, daga baya ta sami sabon rai. Tambayarmu ita ce, daga ina wannan waraka take zuwa? Bari mu dubi littattafai uku.

Na farko daga Kano ya fito. A shekarar 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta wallafa Wa Zai Auri Jahila? Labarin wata yarinya ce, Abu, wadda aka cire daga makaranta, aka aurar da ita ga wani dattijo ba da sonta ba. Ya wulakanta ta, ta gudu zuwa wurin gwaggonta a birni. A can ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ma an yi mata aure tun tana ƙarama, don haka ta san abin da take faɗa.

Na biyu daga Amurka ne. Francine Rivers ta fitar da Redeeming Love a shekarar 1991, ta gina shi a kan labarin Annabi Yusha'u da matarsa Gomer. Wata yarinya ce aka sayar da ita cikin karuwanci tun tana ƙarama. Da ta girma, wani manomi mai tsoron Allah ya aure ta, ya yi ta haƙuri da ita, amma ta yi ta guduwa. Ba ta natsu ba sai da ta sadu da Allah da kanta, tana nesa da mijin. Ta buɗe gida domin taimakon mata irinta, sa'an nan ta komo.

Na uku shi ma daga Amurka ne, wato It Ends with Us na Colleen Hoover, wanda ya fito a shekarar 2016. Lily ta tashi tana ganin mahaifinta yana dūkan mahaifiyarta. Ita ma ta auri likita mai fara'a da kirki a idon jama'a, sai ga shi yana ɗaga mata hannu. Ranar da ta haifi 'ya mace, ta ƙudurta cewa yarinyar nan ba za ta girma cikin abin da ita ta gani ba, ta rabu da shi.

Mu lura, a cikin ukun nan babu wadda soyayyar namiji kaɗai ta warkar. Kowaccensu sai da ta fita daga wurin da ake cutarta, ta kira zalunci da sunansa, ta gane cewa ita ma mutum ce mai daraja. A nan ne waɗansu littattafan suke ɓatar da masu karatu, domin suna nuna cewa idan mace ta ci gaba da shanye duka, ƙaunarta za ta mai da azzalumi mutumin kirki. Yarinyar da ta gaskata wannan za ta ɗora wa kanta aikin fansa, alhali kuwa Mai Fansa ɗaya ne, Yesu Kristi. Miji abokin tafiya ne, shi ma mai bukatar jinƙai.

Dole mu ma mu binciki kanmu. Sau nawa mace ta zo wurinmu da kumburarren ido, muka ce mata, "Ki yi haƙuri, ki koma ɗakinki," ba mu ko kira mijin mun tsawata masa ba? Gaskiya ne haƙuri maganin zaman duniya, amma haƙurin da yake kai mutum kabari ba shi ne Ubangiji ya koya mana ba. Ikkilisiya tana riƙe da cewa auren sakramenti ba ya warwaruwa. Duk da haka, Dokar Ikkilisiya ta shekarar 1983, a sashe na 1153, ta yarda miji ko mata su raba wurin zama idan ɗayan yana jefa abokin aurensa ko 'ya'yansu cikin babban hatsari na jiki ko na ruhu. Marigayi Paparoma Francis, a wasiƙarsa a kan ƙauna cikin iyali ta shekarar 2016, ya koyar cewa akwai lokacin da irin wannan rabuwa takan zama wajibi domin kāre mai rauni da yara.

Gafara kuma tana da nata lokaci. Wadda aka cuta tana iya yafewa a zuciyarta ba tare da ta koma hannun wanda bai tuba ba. Tuba ta gaskiya kuwa akan gan ta a aiki, wato amsa laifi, daina mugunta, da karɓar horo.

Saboda haka, iyaye, kada mu ƙwace littattafan nan daga hannun 'ya'yanmu cikin fushi. Mu zauna mu tambaye su abin da suka karanta. Wataƙila ta bakin Abu ko Lily yarinya za ta faɗi abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Tambayoyi domin Zumuntar Mata, matasa da katikis:
1. A littafin da muka karanta kwanan nan, me ya warkar da wadda aka cuta?
2. Mene ne bambanci tsakanin yafe wa mutum da komawa hannunsa?
3. Idan mace ta gudo a daren yau, gidan wa za ta ƙwanƙwasa a Ikkilisiyarmu?

Ubangiji, mai warkar da masu karyayyar zuciya, ka ba mu kunnen ji da ƙarfin halin tsaya wa marasa ƙarfi. Amin.