Kafewar Mota da Aikin Janwe: Darasi Daga Abbaganaram

Gabatarwa

A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri irin su Gwange da Abbaganaram. Da ruwa ya janye, sai ya bar laka, laka kuwa ba ta ragar wa babbar mota. Wannan taƙaitaccen darasi zai dubi kalmomin da ake amfani da su wajen fid da motar da ta kafe, da ƙa'idojin aikin.

Kalmomin Aiki

Idan taya tana juyawa a laka mota ba ta gaba, sai a ce ta kafe. Na'urar da ke naɗe wayar ƙarfe a jikin ganga don ta ja mota ita ce janwe. Daga aikatau "ja" ake samun "janye", aji na 4 a tsarin Parsons na 1960, mai nuna kawarwa gaba ɗaya, da "jawo", aji na 6, mai nuna tahowa wajen mai magana. Ɗalibi ya lura, a nan haɗarin yake: mai jawowa yana fuskantar waya, in ta tsinke kuwa da ƙarfi take dawowa, tana iya kisa.

Ƙa'idoji

1. A kwashe lakar gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa katako.
2. Ƙarfin janwe ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin mota da kayanta.
3. A saƙala ƙugiya a ƙarfen da aka tanada don ja, kada a saƙala a bamba.
4. A bar aƙalla naɗi 5 na waya a jikin ganga.
5. A yafa bargo mai nauyi a tsakiyar waya don ya danne ta in ta tsinke.
6. A sa safar hannu mai kauri, kada a tsallake waya, a kori yara da 'yan kallo nesa.
7. Mutum ɗaya kaɗai zai ba da umarni, a riƙa ja a hankali ana hutawa.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Domin jarraba kai, ɗalibi ya gina jimla uku da "ja", "jawo" da "janye", ya bayyana inda mai magana yake tsaye a kowace.