Sayen jirgin ruwa na fantun: a fara duba ƙarƙashinsa kafin kujeru

Fantun jirgin ruwa ne mai shimfiɗaɗɗen dandamali da ke zaune a kan dogayen bututu biyu na alminiyam, rufaffu, cike da iska. A shekarar 1952 wani manomi mai suna Ambrose Weeres, a garin Richmond na jihar Minesota ta Amurka, ya ɗora katako a kan durom-durom na ƙarfe, daga nan jirgin ya bazu a tafkunan ƙasar. A yau kamfanoni irin su Bennington da Sun Tracker da Harris na ƙera shi don shaƙatawa da kamun kifi.

Yawancin masu saye kujeru da lasifika da fitilu ke fara ɗaukar hankalinsu. Amma kuɗin mutum da rayukan iyalinsa a kan bututun nan suka rataya.

Lissafin nauyi

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi na ɗaukar nauyi ne daidai da ruwan da ya ture. A ɗauki bututu mai faɗin inci 25, wato kusan santimita 63, da tsawon mita 6.7. Cikinsa na cin lita 2,100 ko kusa da haka, biyu kuma lita 4,200. Sai dai ba a so ruwa ya haura tsakiyar bututun, domin daga nan da'irar ke tsukewa, ƙarin nauyi kaɗan sai ya nutsar da gefe ɗaya da sauri. Ke nan kilo 2,100 ne abin aiki. Idan jirgin da injinsa da mai sun cinye kilo 1,300, saura 800, wato manya goma masu kilo 80, ba tare da kula ko kayan abinci ba.

Wannan lissafin na fahimta ne kawai. Hukunci na ƙarshe yana kan ƙaramin allon da kamfani ke maƙalawa kusa da sitiyari, mai nuna yawan mutane da nauyi da iyakar ƙarfin inji. Yawan kujeru ba hujja ba ce.

Bututu biyu ko uku

Ruwan da za a shiga shi ke yanke wannan. A tafki mai kwanciya, bututu biyu da inji mai ƙarfin doki 50 zuwa 90 sun wadatar. Inda ruwa ke da faɗi da iska, mai bututu uku ya fi tsayuwa, ya fi ɗaukar kaya da babban inji, amma ya fi tsada da shan mai. Dukansu ba na tsakiyar teku ba ne, domin igiya mai tsayi kan hau kan dandamalin ta gaba. Ruwan gishiri kuma na cin alminiyam, shi ya sa ake ɗaura masa wasu guntayen ƙarfe da tsatsa ke ci a madadin jikin jirgin, ana sauya su idan sun zaizaye.

Idan na hannu ne

Injinan zamani na Yamaha da Mercury na da ƙaramar kwamfuta da ke adana awoyin da suka yi aiki da matsalolin da suka taɓa samu. Makaniki zai jona na'urarsa ya karanto. Agogon da ke gaban direba ana iya sauya shi, don haka a dogara da abin da injin ya adana.

Sai a girgiza jirgin yana kan tirela a saurara. Motsin ruwa a cikin bututu alama ce ta yoyo, galibi a wuraren walda. A taka ko'ina a dandamalin, inda ya lotsa katakon ya ruɓe, gyaransa kuwa sai an kwance kujeru da shingen gefe. A kuma gwada lambar jirgin mai haruffa da alƙaluma 12, da ke baya ta gefen dama, da wadda ke cikin takardu. Amurka ta wajabta ta tun 1972. Idan suka saɓa, a fasa cinikin.

Na'urorin da za a fara saye

Rigar ceto ga kowane mutum, da abin kashe gobara, da na'urar auna zurfin ruwa mai GPS. Sai igiyar da direba ke ɗaurawa a jikinsa, wadda ke kashe inji idan ya faɗa ruwa. Tun Afrilun 2021 dokar Amurka ta tilasta amfani da ita a yawancin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu.

Kafin a biya, a gwada jirgin a ruwa da adadin mutanen da za su riƙa hawansa, sannan a leƙa a ga inda ruwa ya tsaya a jikin bututun. Idan ya wuce tsakiya, jirgin ya yi wa wannan iyalin kaɗan.