Yadda Za A Ta Da Motar Kaya Da Ta Daɗe A Ajiye

Zuwa ga dagatai da masu unguwa da manoma masu karatu.

A ƙauyuka da yawa akwai motar kaya wadda ba ta aiki sai da kaka. In an gama kai gyaɗa da auduga da hatsi kasuwa, sai a kafe ta gindin tsamiya, ta sha zafin bazara, ta sha ruwan damina. Wata ma takan shekara biyu ko uku a haka. Ran da amfanin gona ya taru, sai mai ita ya leƙa agogon mil, ya ce, "Ai motar nan sabuwa ce, ba ta yi wata tafiya ba." Sai a tura ta ta tashi, a labta mata buhuna, mutane su hau bisa kaya.

To, ka sani agogon nan mil kaɗai ya ke ƙidayawa, ba ya ƙidaya shekaru. Roba da mai da batir kuwa suna tsufa, ko mota tana tafiya ko tana tsaye. Dokin da ya shekara a turke ba a ɗaura masa sirdi a fita sukuwa ran nan. Saboda haka ka soma aikin nan tun saura wata guda a cire gyaɗa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ko tsohuwar Bedford ce, ko Mercedes 911, ko ƙaramar a-kori-kura, hanyar ɗaya ce.

1. Kafin ka taɓa makulli

Buɗe murfin inji ka duba da kyau. Ɓeraye sukan yi sheƙa a ciki su gaigaye wayoyi, waya tsirara kuwa ita ke jawo gobara. Zanzaro yakan gina ɗaki cikin salansa da matacin iska. Sa'an nan ka durƙusa ka dubi ƙasa, inda ka ga ɗigo ka bi shi har ka san mafarinsa. In bodin na katako ne, ƙwanƙwasa shi da guduma, domin gara takan cinye ciki ta bar baya lafiya lau.

2. Man inji

Tsiyaye tsohon mai duka, ka sa sabon mataci da sabon mai, ko da tsohon bai yi baƙi ba. Man da ya kwana cikin inji yakan tara ruwa da tsami masu cin ƙarfe, don haka kada ya wuce shekara guda. Har ila yau, in mota ta daɗe tsaye mai yakan gangare ƙasa ya bar saman inji a bushe. In injin fetur ne, cire fulogi, ɗiga mai kamar cokali guda a kowane rami, a juya injin da hannu. Kada a yi wannan ga injin gas. Kowane iri ne, in ya ƙi juyawa kada ka tilasta shi, kira bakanike.

3. Tanki

Fetur yakan lalace cikin watanni kaɗan, ya zama kamar ƙaro, ya toshe kafireto. Gas kuwa, ruwa yakan kwanta ƙarƙashinsa, wani baƙin dauɗa ya tsiro tsakaninsu ya toshe mataci. Zubar da abin da ke ciki nesa da wuta da rijiya, wanke tanki, sake mataci.

4. Lagireto da roba

Matsa kowane tiyo da hannunka. Wanda ya ƙandare, ko ya kumbura, ko ya tsattsage, sake shi. Haka kuma fanbel. Wanke lagireto ka zuba sabon ruwa mai tsabta tare da maganin tsatsa. Ruwan rijiya mai kanwa yakan bar ɓawo a ciki ya toshe hanya. Kada ka buɗe murfinsa in inji yana da zafi.

5. Batir

Batir yakan zube da kansa ko ba a taɓa shi ba, in kuwa ya daɗe a zube ba ya sake riƙe wuta. Cikakke yakan nuna 12.6 ko kusa da haka a ma'aunin bakanike. Kankare farin garin da ke kawunansa, ka shafa giris. In irin mai murafu ne, a ƙara masa tataccen ruwan batir kaɗai.

6. Birki

Wannan shi ne babba, don a kansa rai ya rataya. Man birki yana shan laimar iska. Sabon mai irin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai 205, a ma'aunin da ruwa ke tafasa a 100. In ya sha ruwa, 140 ma yana iya tafasa shi. A doguwar gangara da kaya mai nauyi birki yakan yi zafi ƙwarai, in man ya tafasa sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota kuwa ba ta tsaya ba. Saboda haka a sake man nan duk shekara biyu. A cire kowace ƙafa a duba ko roba tana yoyo, ko tsatsa ta kama ƙarfe. In birkin iska ne, a tsiyaye ruwan da ya taru cikin tulun iska, a saurara ko wani wuri yana huci.

7. Taya

Kada zanen taya ya ruɗe ka. Dubi gefenta, za ka ga rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau 2318, mako na 23 ke nan na shekarar 2018. In lamba uku ka gani, an yi ta tun kafin shekarar 2000. Tayar da ta kai shekara 10, ko wadda gefenta ya tsattsage kamar fadama da rani, ba ta ɗaukar kaya, ko da ba ta taɓa taka hanya ba. Kada ka manta da safaya.

8. Tashin farko

Ta da ita a fili, ba cikin rufaffen ɗaki ba, gama hayaƙin mota guba ne. Kada ka taka totur. Dubi agogon mai, in bai motsa ba nan da nan, ko jar fitila ta ƙi mutuwa, kashe inji. In kome daidai, sa giris a gaɓoɓi, ka yi mil 5 a hankali ba kaya, kana gwada birki da sitiyari da fitilu. Komo ka sake duba yoyo, ka ƙara ɗaure notocin ƙafafu. Kashegari rabin kaya, sa'an nan cikakke.

9. In za a sake ajiye ta

Share ƙwayar hatsi duka don ɓeraye. Cika tanki don kada raɓa ta sami wurin taruwa a ciki. Ajiye ta ƙarƙashin rumfa bisa busasshiyar ƙasa. Kada ka ja birkin hannu, yakan manne, sai dai ka tokare ƙafafu da itace. Cire wayar batir wadda ke haɗe da jikin mota. Duk mako biyu a fita da ita kamar rabin sa'a har inji ya yi zafi sosai. Tayarwa ta minti biyar a tsaye ƙara mata ruwa kawai ta ke yi.

Kai kuma dagaci, mutanenka ne za su hau bisa buhunan nan ranar kasuwa. Kira mai mota da direba tun da wuri, a karanta musu takardar nan, kada kuma a yi lodin farko sai ka ga an gwada birki da idonka. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da aka sake mai da taya, ba mil kaɗai ba. Kuɗin gyaran nan duka bai kai na sabon inji ba, balle ran mutum guda.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai mu kasuwa lafiya, amin.