Ƙaramin awo da babban awo

Ran kasuwa, mai dabino ya ce maka: "Gwangwani 20, tiya guda ke nan." Gaskiya ne? Kada mu yi gardama. Gani ya kori ji.

Ku samo tiya da ƙaramin gwangwanin madara. Ku cika gwangwanin da ruwa, ku yi ta juyewa cikin tiya har ta cika. Ku ƙidaya. Mu ce sau 20 ne.

Yanzu ku zubar da ruwan. Ku auna dabino gwangwani 20, kowane daidai baki, ba tozo. Ku juye cikin tiya. Kun gani? Tiya ba ta cika ba! Ku sake da hatsi. Shi kam, saura kaɗan ta cika.

Mi ya kawo haka?

In an zuba ƙwaya cikin kwano, ba ta cike wurin duka. Akwai hili tsakanin ƙwaya da ƙwaya. A tsakiyar kwano, kowace tana faɗawa cikin ramin da ƴan uwanta suka bari. Amma jikin kwano bango ne, ba shi da rami. Ƙwayar da ta jingina da shi ba ta da wurin shiga. Sai su jeru, su bar hili mai yawa a gefe.

Cikin ƙaramin gwangwani, kusan kowane dabino yana taɓa bango. Cikin tiya, mafi yawa suna tsakiya. Hatsi kuwa ƙanana ne, waɗanda ke taɓa bango kaɗan ne ko cikin gwangwani.

A shekara ta 1960, wani masani a ƙasar Kanada, mai suna Scott, ya gwada haka da ƴan dunƙulen ƙarfe masu girma ɗaya. Ya iske ko an girgiza babban mazubi sosai, kamar kashi 64 cikin 100 ne kawai suke cikewa. Sauran duk iska ce. In mazubin ya ƙanƙance, iskar ta ƙaru.

To, mai dabino ba lalle ne ya yi niyyar cuta ba. Amma kuɗinka ne ke tafiya. In za ka sayi abu mai manyan ƙwaya, kamar dabino ko gujiya, ka ce a auna maka da babban awo, ko a ɗora bisa kilo.

Tambayoyi
1. Ina ne hili ya fi yawa cikin kwano?
2. Don mi hatsi ya kusa cika tiya?
3. Ku gwada da wake a gida, ku rubuta abin da kuka gani.