Yadda Ake Gano Dalilin Tashin Wuta a Rumbun Murhun Kwal

Darasinmu na yau a kan wata na'urar ɗumama gida ce da ake yawan amfani da ita a jihar Pensilbaniya ta Amurka, inda ake haƙo kwal mai tauri da ake kira antarasait. Kamfanoni irin su Keystoker da Leisure Line suna ƙera ta.

Yadda take aiki

Ana zuba ƙananan tsakuwoyin kwal a rumbun da ke bayan murhun. Wani ƙaramin inji yana tura kwal ɗin kaɗan-kaɗan zuwa kan faranti mai huji, fanka kuma tana hura iska ta ƙarƙashinsa, toka ta faɗa bokiti. A kan farantin nan kaɗai ya kamata wuta ta ci. Idan ta ja da baya ta shiga rumbu, akwai matsala, kuma kusan kullum iska ce ta bi hanyar da ba tata ba.

Idan wutar ta riga ta kama

Kashe injin turawa da fankar hurawa. In murhun yana da fankar fitar da hayaƙi, bar ta a kunne. Kada ka watsa ruwa, domin tururi zai ƙone ka, ƙarfen ma yana iya tsagewa. Bar murfin a rufe, buɗe tagogi, fitar da iyali. In abin ya ƙi lafawa, kira 'yan kwana-kwana.

Binciken dalili

Kamar yadda muke bin lambobin manhaja layi-layi, gyara abu ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce na gaba.

1. Zuƙar bututun hayaƙi. Idan ta yi yawa, sai ta riƙa janyo iska ta cikin rumbu, wuta ta bi sawunta. Auna da manomita, ka daidaita 'yar ƙofar iskar da ke jikin bututun zuwa adadin da littafin murhun ya faɗa.
2. Murfin rumbu. Duba ko ya lanƙwashe, ko abin toshe bakinsa ya cinye.
3. Yawan kwal. Kwal ɗin kansa yana tare iska, don haka kada ka bari rumbu ya kusa ƙarewa.
4. Bayan faranti. In simintin da ya liƙe shi ya tsage, iskar fanka za ta ɓulla kusa da rumbu. Sake liƙewa da siminti mai jure wuta.
5. Saurin turawa. Idan injin yana tafiyar hawainiya ko ya maƙale, wuta za ta cinye na gaba ta dawo baya.

A ƙarshe, kwal yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa cikin barci. Duk gidan da ke da wannan murhu, lallai ya rataya na'urar ƙararrawa mai gano ta kusa da ɗakin kwana, ana duba batirinta a kai a kai.