Darasi: A Ajiye Danƙo, A Ɗauki Hoto



Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin babbar damina, halittu kan fito fili. A katangar gida akwai jangwada, namijin ƙadangare mai jan kai. A kan kwakwa tsuntsaye na saƙa sheƙa. A bakin tafkin Nokuwe kuwa, hanyar Ganbiye, balbela da zalɓe ne ke kiwo.

To, yaya ake ɗaukarsu hoto da waya? Ga abin da Malam ya koya mana:

1. A fita bayan asuba, rana tana bayanmu.
2. A tsuguna daidai tsayin dabbar, a yi shiru. In ka matso da gaggawa, shi ke nan, ta gudu.
3. Kada a taɓa sheƙa, don uwa tana iya barin ƙwanta.
4. A rubuta suna, wuri da rana.

Aya ta 41 a Suratun Nur ta sanar da mu cewa tsuntsaye ma suna tasbihi. Ashe wanda ya harbe ɗaya da danƙo don wasa, mai tasbihi ya kashe. Ƙannenmu, don Allah a bari.

Allah Ya sa mu amfana, amin.