Kare mai tsoron baƙi

A ƙasar Belbeji, cikin Damargu, makiyaya suna da karnuka. Kare yana tsaron garke, yana korar dila. Amma karen da ya girma a daji bai saba da baƙi ba. In baƙo ya iso, sai ya yi ta haushi, ya maƙale wutsiya, ya kwantar da kunnuwa. Tsoro ne yake ji.

Duka yana ƙara masa tsoro. Mai kare ya riƙe shi da igiya, baƙo ya tsaya nesa, kada ya zura masa ido. In kare ya dubi baƙo ya yi shiru, a ba shi lomar tuwo. Gobe baƙo ya matso taki 2 ko 3. In haushi ya dawo, an yi gaggawa, sai a ja da baya. Wani kare yakan yi makonni kafin ya saba.

Yara, kada ku jefi kare, kada ku ruga a gabansa. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita saboda ciwon haukan kare.

Tambayoyi
1. Yaya ake gane kare mai tsoro?
2. Yaushe ake ba shi tuwo?